Rundunar Sojan Sa-kai ta 55 ta Masacusets a Yaƙin Basasar Amurka, 1863-1865

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa Runduna ta 55 ta sojan ƙasa ta Jihar Masacusets yaƙi biyu ta yi a lokaci ɗaya, watau yaƙi da 'yan tawayen Kudu masu riƙe da bayi, da kuma gwagwarmaya da gwamnatin da take yi wa hidima.

Kafuwar Rundunar

Bayan shelar 'yanta bayi da Shugaba Linkon ya yi ranar 1 ga Janairu, 1863, Gwamna John Andrew ya kafa Runduna ta 54 ta baƙar fata. Masu sa kai suka yi yawa har aka buɗe ta 55, wadda ta bar Boston cikin Yuli, 1863. Manyan hafsoshinta duk Turawa ne. Cikin sojojinta akwai Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda aka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Barno. An kama shi bawa yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istambul da Rasha, kafin ya isa Amurka yana ɗa.

Rikicin Albashi

Albashin soja Bature dala 13 ne a wata. Baƙar fata kuwa aka yanka masa dala 10, a cire 3 kuɗin tufafi. Sojojin suka ƙi karɓa. Ko da Jihar Masacusets ta ce za ta cika musu gibin daga baitulmalinta, sai suka sāke ƙi, domin abin da suke nema shi ne Gwamnatin Tarayya ta yarda cewa jininsu da na Bature farashinsu ɗaya. Sun fi shekara suna aiki ba ko anini, iyalansu na fama da yunwa, har Majalisar Dokoki ta daidaita albashi cikin Yuni, 1864.

Duk da haka ba su juya baya a fagen fama ba. Sun gwabza a tsibirin James cikin Yuli, 1864, sa'an nan a Honey Hill ranar 30 ga Nuwamba, inda suka yi hasarar mutane da yawa. Cikin Fabrairu, 1865, suka shiga birnin Charleston, inda tawayen ya faro, 'yantattun bayi na yi musu maraba.

Kammalawa

An sallami rundunar cikin Agusta, 1865. Tana daga cikin baƙaƙen sojoji kusan 180,000 da suka yi wa Tarayya yaƙi, kuma ƙin karɓar ragaggen albashi da ta yi na cikin abubuwan da suka tilasta wa gwamnati gyara dokarta.