Faɗin ƙasar Najeriya da ma'aunan lafiyar muhallinta daga 1960 zuwa yau

Faɗin Najeriya ya kai murabba'in kilomita 923,768, wato kimanin hekta miliyan 92, idan aka haɗa tudu da ruwa. Wannan adadi bai sauya sosai ba tun bayan samun 'yancin kai. Manyan sauye-sauyen kan iyaka biyu ne: shigowar Arewacin Kamaru cikin Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, da kuma miƙa tsibirin Bakassi ga Kamaru, wanda Kotun Duniya ta yanke hukunci a kansa a 2002, aka kuma kammala miƙa shi a watan Agustan 2008. Abin da ya sauya matuƙa shi ne yawan mutanen da ke rayuwa a kan wannan ƙasa, da kuma ƙarfin ƙasar na ɗaukar nauyinsu.

Rabon kowane mutum

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa 'yan Najeriya sun kai miliyan 45 a 1960. Ƙidayar 1991 ta nuna kusan miliyan 89, ta 2006 ta nuna miliyan 140, yanzu kuwa ƙiyasi ya haura miliyan 220. Da za a raba ƙasar daidai wa daida, kowane mutum zai sami kusan hekta biyu a 1960, amma a yau rabonsa bai kai rabin hekta ba, kuma a cikin wannan rabo har da duwatsu da koguna da birane da hanyoyi. Sakamakon haka a bayyane yake a karkara: gonar gado tana ƙara tsukewa a duk lokacin da aka raba ta, an rage barin gona ta huta ta zama saura, noma kuma ya shiga burtalai da makiyayun da aka keɓe a ƙarƙashin dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965.

Yadda ake auna ɗorewar muhalli

Masana suna duba abubuwa da dama: yawan dazuzzuka, faɗin ƙasar noma, adadin ruwan da ake ɗiba idan aka kwatanta da wanda damina ke mayarwa, da kuma yawan ƙasar da ta gaji ko ta zaizaye. Akwai kuma ma'aunin da William Rees da Mathis Wackernagel suka ƙirƙiro a shekarun 1990, wanda ke kwatanta abin da jama'a ke ci daga ƙasa da abin da ƙasar ke iya sake samarwa a shekara. A wannan ma'auni, abin da ɗan Najeriya ke cinyewa ƙalilan ne idan aka gwada shi da na mutumin Amurka, amma duk da haka jimillar ta zarce abin da ƙasar ke iya mayarwa. Ma'ana, ana cin uwar kuɗi ne, an wuce cin riba.

Dazuzzuka da hamada

Alƙaluman hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa dazuzzuka sun ragu daga kusan kashi 29 cikin ɗari na faɗin ƙasar a 1990 zuwa ƙasa da kashi 24 a 2020. Faɗaɗa gonaki da saran itacen girki da yin gawayi da fasa katako su ne manyan dalilai. A Arewa, farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa masu yawa. Jihohi 11 ne gwamnati ta ayyana a matsayin na bakin hamada: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara.

Ruwa

Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980, kodayake ya ɗan farfaɗo daga baya. Fadamar Haɗeja da Nguru ma ta tsuke bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai da dama, abin da ya taɓa masunta da manoman shinkafa da makiyaya baki ɗaya. A Kudu, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsaftace yankin Ogoni daga malalar man fetur zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da ta Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, sun nuna cewa yawan ruwa ma barazana ne kamar ƙarancinsa.

Dokoki da alkawura

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka makomar gandun daji ko fadama ta fi rataya a kan gwamnatin jiha. Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti a 2007, Najeriya ta kafa hukumar da ke kula da shi a 2015. A 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi, ƙasar kuma ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060.

Akwai darasi a maƙwabta. A jihohin Maradi da Damagaram na Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne samun tabbacin cewa itacen da manomi ya rena nasa ne. Saboda haka, wanda ke son auna aikin gwamnati a wannan fanni ya tambayi itatuwa nawa suka rayu bayan shekara uku da dasawa, nawa aka saki daga asusun kula da muhalli, kuma wa aka bai wa filayen gandun daji.