Karnukan Shikago da Mafarin Maganin Sankarar Prostet

A 1927 Jami'ar Shikago ta Amurka ta ɗauki wani matashin likitan tiyata ɗan asalin Kanada, Charles Huggins, shekara uku kacal bayan ya kammala karatu a Harvard. Aka damƙa masa sashen cututtukan mafitsara, fannin da bai taɓa ƙwarewa a kai ba. Shekarunsa na farko sun tafi wajen nazarin yadda ƙashi ke tsirowa, daga baya ya koma kan prostet, ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar namiji. Ya riƙa yi wa karnuka tiyata yana raba prostet da mafitsara, don ya tari ruwan da ƙullutun ke fitarwa ya auna shi. Mai kallo zai ce ɓata lokaci ne, amma wannan awon na yau da gobe shi ya haifi duk abin da ya biyo baya.

Kare yana cikin dabbobi ƙalilan da prostet ɗinsu ke kumbura idan sun tsufa, kamar na ɗan Adam. Huggins ya ga cewa idan aka fiɗiye kare ruwan yakan ƙafe, ƙullutun ya motse, idan kuma aka yi masa allurar sinadarin maza na testosteron sai ya farfaɗo. A 1941 shi da ɗalibinsa Clarence Hodges suka gwada wannan kan mazan da sankarar prostet ta riga ta bazu zuwa ƙashinsu. Da aka cire 'ya'yan maraina, ko aka ba da sinadarin mata na estrojin, sai wani sinadari mai suna asid fosfatas ya sauka a jini, raɗaɗi ya lafa wa da dama daga cikinsu.

Wani zai ce ai ba sabon abu ba ne. Makiyayi ya daɗe da sanin abin da fiɗiya ke yi wa bunsuru, John Hunter ya lura da motsewar prostet ɗin fiɗiyayyun dabbobi tun ƙarni na 18, George Beatson kuma ya cire ƙwan mata don rage sankarar mama a Glasgo a 1896. Gaskiya ne, sai dai su lura suka yi, Huggins kuwa ya kawo ma'auni, lambar da ke hawa da sauka a jini wadda kowane likita zai iya dubawa da kansa. Wani kuma zai ce ba waraka ba ce, tunda cutar kan dawo. Wannan ma haka ne, amma mutumin da ciwon ƙashi ya kwantar ya san darajar watannin da ya samu yana takawa da ƙafarsa. An ba Huggins kyautar Nobel a 1966, kuma har gobe danne testosteron, yawanci da allura ko ƙwaya, shi ne tushen kula da sankarar prostet da ta bazu.