Asalin Kalmar Karma

Samarin Bodinga da Shagari masu kwana a gaban fina-finan Indiya sun tsinto wata kalma. In mugu ya faɗa ramin da ya haƙa, sai ka ji sun ce, "Karma ce ta kama shi." Dattawa kuwa alhaki suka sani.

A harshen Sanskrit, tsohon harshen malaman Indiya, karma na nufin aiki, kuma limamansu na dā sun fi kiran hadayar da suke ƙonawa a wuta da wannan suna. Ana nan sai aka haifi wani ɗan sarauta, Siddhartha Gautama, a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Yana ɗan shekara 29 ya bar gida da mata da ɗa, ya shiga duniya neman sanadin wahalar ɗan Adam. Bayan shekara 6, yana zaune gindin wani icce dangin cediya a Bodh Gaya, ya ce ya gano bakin zaren. Daga nan aka riƙa ce masa Buddha, wato wanda ya farka.

Shi ya mai da karma kan niyya. Wanda ya taka tururuwa bai sani ba, bai ɗauki kome ba. Wanda ya ƙudurta mugunta kuwa ya riga ya shuka.

Ya kuma ce ba abin da ke tsayuwa da ƙafarsa shi kaɗai. Manomin gero a Shagari ba sai an yi masa dogon bayani ba: zangarniya na kan kara, kara daga iri ya fito, iri kuma sai da ruwan shuka. Haka Buddha ya jero sarƙa mai gaɓa 12, kowace na jawo ta gabanta, daga jahilci ta bi ta kwaɗayi da riƙo har zuwa haihuwa da tsufa da mutuwa. In jahilci ya tsinke, sauran sai su zube.

A nan muka raba hanya da mabiya Buddha. Mu Allah ke sakayya, kuma akwai ranar hisabi. Su ba su da alƙali a lissafin: aikin ne ke nuna da kansa, mai shi kuma ya yi ta mutuwa ana sake haihuwarsa. Karmar samarinmu kan kama mugu kafin fim ya ƙare, amma a wajen mabiya Buddha tana iya jiransa har wata rayuwa.