Tarihin Akwatin Wasa: Wanne Ya Fi?

Ran nan, bayan mun tashi daga karatun dare, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya. Manomin albasa ne. Ya ce: "Malam, ina da tambaya. Ɗana ya dame ni. Yana so in ba shi kuɗin albasar bana ya sayi akwatin wasa, ya kafa rumfa a bakin kasuwa, yara su riƙa biya suna wasan ƙwallo a talabijin. Shi sabon yayi yake so. Abokinsa ya ce tsohon ya fi. Kullum suna gardama a zaure. Ni kuwa ban san ko ɗaya ba. Wanne ya fi?"

Na ce: "Baba, tambayarka babba ce. Gumin shekara guda ba a zuba shi a kan gardamar yara. Bari mu fara jin tarihin abin."

Ƴan'uwa masu karatu, abin da na gaya masa shi ne na rubuta muku a nan. Gardamar nan ta girmi yaran da ke yin ta, ta fi shekara 40.

Mene ne akwatin wasa?

Na'ura ce ƙarama, ƴar'uwar kwamfuta. Ana haɗa ta da talabijin. Mai wasa yana riƙe da wani abu mai maɓallai a hannu. In ya danna, mutumin da ke cikin hoto ya yi gudu, ko ya yi tsalle, ko ya buga ƙwallo. A sinima kallo kawai kake yi. A nan kuwa kai ne ke juya hoton. Wannan shi ake kira wasan bidiyo.

Mafarin abin

Wanda ya fara ƙera akwatin wasa na gida sunansa Ralph Baer. An haife shi a Jamus a 1922. A 1938 iyayensa suka gudu da shi Amurka saboda zaluncin mulkin Hitler. A 1966 ya yi tunani: ga talabijin a gidaje da yawa, me zai hana a yi wasa da ita? A 1972 akwatinsa ya shiga kasuwa da sunan Odyssey. Ba ya yin sauti. Hotonsa fari da baƙi ne. In ana son launi, sai a manna leda mai launi a fuskar talabijin.

A wannan shekara ta 1972 kuma, wani kamfanin Amurka mai suna Atari ya fito da wasan Pong. Sanduna biyu ne da ɗigo ɗaya yana kai da komo tsakaninsu. Mutum ya jefa tsaba a rami, sannan ya yi wasa. Ashe biyan kuɗi a yi wasa tsohuwar sana'a ce, da ita abin ya tashi.

A 1977 Atari ya fito da akwatin gida mai kaset. Kowane kaset da wasansa. In ka gaji da wannan, ka zare, ka sa wani. Mutane suka saye shi da yawa.

Shekarar da kasuwa ta faɗi

Da aka ga Atari yana samun kuɗi, sai kowa ya shiga sana'ar. Aka riƙa yin wasanni da gaggawa, ba inganci. Akwai wani mai suna E.T. da aka haɗa cikin sati 5 kacal a 1982. Mutane suka saya, suka ga ba daɗi, suka mayar. Daga nan iyaye suka daina yarda da abin baki ɗaya.

A 1983 kasuwar ta faɗi a Amurka. Atari ya yi asarar fiye da dalar Amurka miliyan 500. Ku lura, dalar Amurka ba irin dalarmu ba ce, ta fi ta nesa ba kusa ba. Kaset ya yi kwantai, har kamfanin ya kwashi dubban ɗaruruwa ya binne a juji, a wani gari mai suna Alamogordo. Wasu sun ɗauka tatsuniya ce. A 2014 aka tona wurin, aka same su.

Akwati ba shi da amfani in wasan cikinsa ba shi da kyau. Wannan shi ne darasin farko.

Masu karta sun shigo

Wanda ya tada kasuwar daga Japan ya fito. Kamfanin Nintendo an kafa shi a birnin Kiyoto tun 1889, kuma sana'arsa ta farko buga karta ce. A 1983 ya fito da akwatinsa a Japan, a 1985 ya kai shi Amurka. Ya kafa doka: ba wanda zai yi kaset na akwatinsa sai da izininsa, kuma a Amurka kowane kamfani wasa 5 kawai zai fitar a shekara. Ta haka ya tace tsakuwa daga tsaba. A 1985 ɗin ne aka fito da wasan Super Mario Bros., na ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki da jar hula. Iyaye suka sake yarda.

Wani kamfanin Japan mai suna Sega ya ce bai yarda ba. Ya fito da Mega Drive a 1988, yana talla cewa nasa ya fi sauri. Yara a makarantun Amurka da Turai suka rabu gida biyu, ƴan Nintendo da ƴan Sega, kamar magoya bayan ƴan kokawa.

Labarin batir

Ga labarin da ya fi kama da zamanmu na karkara. A 1989 Nintendo ya fito da Game Boy, ɗan akwatin da ake riƙewa a hannu, da allonsa a jiki. Allon ba shi da launi, kuma a duhu ba a ganinsa. Masana suka raina shi. A 1990 Sega ya fito da Game Gear, mai launi, mai haske. Duk wanda ya ga biyun zai ce na Sega ya fi kyau.

Amma a duba cikinsu. Game Gear batir 6 yake ci, kuma cikin awa 3 zuwa 5 sun mutu. Game Boy batir 4 yake ci, su kai fiye da awa 10. A Amurka Game Boy dala 90 ne, Game Gear dala 150. Game Boy kuma ya zo da wasan Tetris, wanda wani ɗan Rasha mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙira. Wasan jera tubala ne, yaro da babba kowa na iya yi.

Injiniyan da ya jagoranci ƙera Game Boy, Gunpei Yokoi, da gangan ya zaɓi tsofaffin kayan da aka saba da su, masu araha. Game Boy da ƙanensa mai launi an sayar da wajen miliyan 118. Game Gear wajen miliyan 10. Duk wanda ya taɓa sayen batir don rediyonsa ya san dalili. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Faifai ya kori kaset

Kamfanin Sony, mai rediyo da talabijin, da farko tare da Nintendo ya so ya yi aiki. A 1991 Nintendo ya janye daga yarjejeniyar. Sony ya ci gaba shi kaɗai, ya fito da PlayStation a ƙarshen 1994. Maimakon kaset, faifan CD yake ci. Faifai ya fi kaset sauƙin bugawa, kuma yana ɗaukar abin da ya ninka na babban kaset sau 10. Saboda haka masu yin wasanni da yawa suka koma wurin Sony. A 1995, a Amurka, sabon akwatin Sega mai suna Saturn dala 399 ne. Sony ya sa nasa 299. An sayar da PlayStation fiye da miliyan 100. Saturn bai kai miliyan 10 ba. Nintendo 64, wanda ya tsaya a kan kaset, wajen miliyan 33.

A 2000 PlayStation 2 ya fito. A 2001 Sega ya daina ƙera akwati, ya koma yin wasanni kawai. A shekarar nan kuma Microsoft na Amurka ya shigo da Xbox, Nintendo ya kawo GameCube. Dukansu biyu sun fi PlayStation 2 ƙarfi. Amma shi ya riga su kasuwa, yana karɓar faifan tsohon PlayStation, ana kuma kallon fim na DVD da shi. Mai gida ya saya don fim, yara su samu na wasa. An sayar da shi fiye da miliyan 155. Xbox wajen miliyan 24, GameCube wajen 22. Sai a farkon 2013 aka daina ƙera shi. Yawansa a duniya ne ya sa tsofaffinsa suka iso kasuwanninmu da araha.

Kada a ce rashin ƙarfi ne asiri

A 2006 Nintendo ya fito da Wii. PlayStation 3 da Xbox 360 duk sun fi shi ƙarfi. Amma shi dala 250 ne, PlayStation 3 kuwa 500 zuwa 600. Kuma da kaɗa hannu ake wasa da shi, har tsofaffi suna yi. Ya wuce miliyan 100, ya fi kowannensu.

To, wani zai ce mai rauni ne ke cin kasuwa kullum. A'a. Magajinsa Wii U na 2012 shi ma ba mai ƙarfi ba ne, amma bai kai miliyan 14 ba. Mutane ba su gane bambancinsa da na farko ba, wasanninsa kuma kaɗan ne. A 2013 PlayStation 4 ya fi Xbox One ƙarfi, ya kuma fi shi araha da dala 100, ya yi nasara sosai. A 2017 Nintendo ya farfaɗo da Switch, wanda ake haɗawa da talabijin, a kuma ɗauke shi a tafi da shi. A 2020 PlayStation 5 da sababbin Xbox suka fito.

Idan mun jera labaran nan duka, abu ɗaya ke fitowa. Ƙarfin akwati shi kaɗai bai taɓa ci masa kasuwa ba. Wanda ya ci shi ne wanda kuɗinsa ya yi daidai da aljihun mutane, yana da wasannin da suke so, kuma yana iya zama a irin gidajensu.

Amsar da na ba dattijo

Na ce: "Baba, ɗanka da abokinsa kowa na da gaskiyarsa. Sabon ya fi hoto mai kyau. Tsohon ya fi sauƙi. Amma kafin ka kwance bakin jaka, ka sa su ba ka amsar tambaya huɗu."

Ta ɗaya, wuta. PlayStation 5 yana shan wajen wat 200 in ana wasa. Siririn PlayStation 2 bai kai wat 50 ba. Ga talabijin ita ma da nata. In farantin hasken rana ne da batir za su ɗauki nauyin, wannan bambanci babba ne. In injin wuta ne, a sa kuɗin mai cikin lissafi.

Ta biyu, wasanni. Sababbin akwatuna sukan nemi intanet don sabunta kansu da wasanninsu. Akwai ma waɗanda ba su da bakin faifai sam, komi sai an sauko da shi ta intanet. Garinmu yana da ita? Nawa za ta ci a wata?

Ta uku, gyara. Ƙura da zafi abokan gaban na'ura ne. Abin riƙewa shi ke fara lalacewa a hannun yara. Akwai mai gyara kusa, ko sai an je Tawa ko Maradi? Tsohon akwati kuma an daina ƙera shi, kowanne ya sha aiki a hannun wani. A gwada shi a gaban mai sayarwa kafin a biya.

Ta huɗu, masu biya. Yaran garin wane wasa suke so? Nawa za su iya biya? Yawancin samari yanzu suna da wasanni a wayarsu, me zai kawo su rumfa? A ɗauki alƙalami a rubuta abin da zai shigo a rana da abin da zai fita, a ga wata nawa uwar kuɗi za ta dawo. Amfanin karatun da muke yi ke nan.

Na ƙara masa da magana ɗaya. Rumfar da ke tara yara lokacin lakkwal, ko lokacin makarantar allo, ko lokacin aikin gona, iyaye za su tashe ta, kuma da gaskiyarsu. Mun ga abin da ya faru a 1983 da iyaye suka daina yarda. A kafa lokacin buɗewa da na rufewa tun ranar farko.

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce: "To, Malam, gobe zan zo da shi aji. Shi zai yi lissafin a allo, ni in duba ko ya yi daidai."

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa kasuwar wasan bidiyo ta faɗi a 1983?
2. Me ya sa Game Boy ya fi Game Gear kasuwa?
3. Ka taɓa sayen rediyo, ko waya, ko injin ban ruwa, don kyansa, daga baya ka ga bai dace da garinku ba? Ba ƴan'uwa labari.