Wutar Da Ta Cinye Gidajen Gem

Duk wanda ya tashi a Ƙaura Namoda cikin shekarun 1990 zai tuna gidajen gem, inda muke zuba 'yan kuɗin tararmu don buga Sega Mega Drive. 'Yan uwanmu na Shinkafi da Zurmi ma sun san zancen. Ni dai a ganina ba yawan bugu ya kashe injinan nan ba, wuta ce.

A Japan injin ya fara fita a 1988, ƙasar da wutarta bolt 100 ce, tamu kuwa 230. Wanda ya jona adaftar Japan kai tsaye, sai dai ya ga hayaƙi. In ta ƙone sai a aro ta rediyo, alhali samfurin farko tsakiyar bakin wayarsa nagatif ne, in aka juya kuwa an gama. Hawa da saukar janareto ya ƙarasa sauran.

Masu gyaran rediyo na bakin kasuwa su suka ceci da yawa. Sukan fara auna adafta da mita, sannan su kwance injin su duba ɗan abin nan mai ƙafa uku, 7805, mai sauke wuta zuwa bolt 5. Sau da yawa shi kaɗai ake canjawa, mai gidan gem ya koma neman abincin iyalinsa.