Nana Asma'u da 'Yan Taru: Karatun da Ya Shiga Gidan Talaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ce talauci ne ya hana mu karantar da yara a gida. To, mu waiwayi tarihi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta nan ƙasarmu Nijar a 1754, ya tsawata cikin Nurul Albab a kan malaman da ke karantar da almajirai, su bar matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta mai da maganar aiki. Takan naɗa dattijuwar ƙauye jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta kawo tsofaffi da 'yan mata wajenta, su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci kan tauhidi, salla da tarihin Manzon Allah. In sun koma, sai su koya wa matan aure cikin gidaje. Su ne 'Yan Taru.

A zamanin takarda tsada gare ta, ta hamada fatake ke kawo ta. Amma waƙa ba a sayenta: uwa na daka tana rerawa, na goye yana ji. Allo icce ne, tawada kuwa gawayi da ƙaro.

Mu yau ga littafi a kasuwa. Bayan magariba, uba ko uwa su zauna da yaro ko da minti 15, su biya masa alif, ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.