Digirin Farko a Kimiyyar Ƙwaƙwalwa da Tunani

Kimiyyar ƙwaƙwalwa da tunani fanni ne da ke nazarin yadda ƙwayoyin jijiya ke haifar da tunawa, magana, gani da yanke shawara. Digirin farko a fannin yana haɗa ilimin halayyar ɗan'adam da kimiyyar halittu. Karatun yakan ɗauki shekara 4 a Amurka, shekara 3 kuma a Ingila.

Ɗalibi yakan fara da tsarin jijiyoyi, sinadarai da ƙididdiga, sannan ya koyi tsara gwaji a kan mutane. Daga baya ake horar da shi a kan na'urorin auna aikin ƙwaƙwalwa, kamar EEG mai ɗaukar motsin lantarki daga fatar kai, da fMRI mai bin sauyin iskar oksijin cikin jini, wadda ta samo tushe daga binciken Seiji Ogawa na 1990. Shekarar ƙarshe galibi takan haɗa da aikin bincike.

Jami'ar Brown a Amurka da Jami'ar Manchester a Ingila suna cikin masu ba da wannan digiri. Shi kaɗai ba ya ba mutum izinin duba marasa lafiya. Masu wannan buri sukan ci gaba da karatun likita ko digiri na gaba.